Ranar da 'Yan Kasuwar Lolo Suka Ba Ni Jini

Sunana Kulu. Shinkafa da miyar kifi nake sayarwa a kasuwar Lolo, kuma rumfata na kusa da inda ake sauke kaya daga kwale-kwale. Matan unguwarmu sun ji wannan labari daga bakina har sun haddace, in na soma sai wata ta ƙarasa mini. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi, ko Allah zai kai shi ga wadda ba ta taɓa zama a bencina ba.

Maigidana Sahabi, ni Malam nake ce masa, yana tuƙa kwale-kwale mai inji. Albasa yake ɗauka da shinkafa da mutane tsakanin Lolo da Dole Kaina, wani lokacin ya haura ɓangaren Benin. Gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna. 'Yarmu ɗaya, Hajo, kuma tun da na yaye ta shiru kake ji, har ta yi nisa a firamare. Ba wanda ya taɓa yi mini gori a gidan. Ni ce dai duk wata nake saurarawa, in ga al'ada ta sake zuwa.

Bayan an gama yankan shinkafa a wannan shekarar sai al'adata ta wuce lokacinta. Na sayo tsinken gwaji a kemis, na gwada da safe, layi biyu suka fito. Na daɗe a tsugunne ina kallonsu. Da na gaya wa Malam yana cikin cin tuwo ne, sai ya ajiye lomar, ya wanke hannu, ya fita ƙofar gida, ya dawo, ya sake zama ya ci gaba da ci yana dariya shi kaɗai. Inna kuwa ba wanda ya gaya mata. Washegari na ɗauki taɓarya zan yi daka, ta zo ta zare ta daga hannuna.

"Ba ni nan," in ji ta. "Daga yau kin bar daka."

"Inna, lahiyata lau."

"Na sani. Shi ya sa."

Makon farko daɗi kawai muka sha. A na biyu ne na fara jin wani ciwo a ƙasan marata, gefen dama kaɗai. Ba mai tsanani ba ne, kamar an soka tsinke an bar shi. Yakan zo, ya lafa, ya dawo. Da cikin Hajo ban ji irinsa ba, amma kowa ya ce mini kowane ciki da halinsa. Bayan 'yan kwanaki sai na fara ganin ɗigon jini, kaɗan-kaɗan, baƙi-baƙi kamar ruwan zoɓon da ya kwana.

Nan fa shawarwari suka fara zuwa. Inna ta jiƙa mini sassaƙe, ta karɓo rubutu. Goggona da ke Kurgu ta bugo waya ta ce ciki ne ke neman wurin zama, in kwanta in ɗaga ƙafafu a jikin bango. Wata maƙwabciya ta ce basir ne. Mai kemis ya ce sanyi ne ya haɗu da taifot, ya yi mini allurar kashe ciwo. Allurar ta yi aiki kuwa, ciwon ya kwanta yini guda, na ce to an gama. Duk cikinsu ba wanda ya nufe ni da sharri, kowa abin da ya sani ya kawo.

A mako na uku na je ƙaramin asibitin da ke kusa da mu, ranar awo. Na bi layi tun hantsi, mata masu manyan ciki sun cika benci, ni da nawa da ko alama bai yi ba har kunya nake ji. Sai bayan azahar na shiga. Malamar asibitin ta gaji, ga sauran mutane a waje. Ta danna cikina, na yi ƙara. Ta ce ba su da na'urar hoton ciki, ya kamata in je Bagudo a duba. Ta faɗa, wannan ba zan hana ta ba, kuma ina gode mata. Amma ta faɗa ne kamar yadda ake cewa a gaida gida. Da ta kama hannuna ta ce yau ɗin nan, kada ki kwana, da na tafi. Sai na lissafa a raina: jibi kasuwa, in an ci kasuwa na je.

Ranar kasuwa na tashi jikina ba ƙarfi, amma na ɗora tukwane. Rana ta ɗaga, 'yan dako sun fara zama a benci, ina cikin zuba wa wani miya sai na ji kamar an yage wani abu a cikina. Na dafa turken rumfa. Zufa ta karyo mini, na ji kamar zan zaga bayan gida, sannan wani ciwo ya soki kafaɗata ta dama, can saman ƙashi. Na yi mamaki, ina ruwan kafaɗa da ciki?

Rumfar da ke manne da tawa ta Salamatu ce, 'yar Dandi daga ƙetaren iyaka, mai sayar da garin rogo da manja. Duk ranar kasuwa take hayewa, mun shekara da shekaru muna musayar wuta da gishiri. Ita kaɗai na gaya wa ina da ciki a duk kasuwar. Ta hango ni na durƙushe, ta tsallake buhunanta ta zo.

"Kulu, mi ya same ki?"

"Kahwaɗa," na ce. "Da mara."

Ta ja fatar idona ƙasa ta duba, ta buɗe tafin hannuna. Na ga fuskarta ta canza. Daga baya ta gaya mini ƙanwarta haka ta yi a garinsu, da ƙaramin ciki, ta ce kafaɗa, aka shafa mata man zafi aka kwantar da ita, kafin la'asar ta rasu. Salamatu ba ta tsaya gaya mini wannan a lokacin ba. Miƙewa ta yi ta ƙwala wa 'yan dako kira, a samo mota yanzu-yanzu. Wata mata ta ce a ba ni ruwan sanyi in huta tukuna. Salamatu ta ce, "Ba ta hutawa nan. Jini na zuba cikinta."

Daga nan abin da na riƙe guntu-guntu ne, sauran Salamatu da Inna suka cike mini. Wani direba da ya gama lodin albasa ya sa aka sauke buhunan a ƙasa, aka shimfiɗa mini tabarma a bayan motar. An aika gida, Inna ta zo da gudu, mayafinta a hannu. Malam yana kan ruwa, wayarsa ba ta shiga, sai aka ba wani mai kwale-kwale saƙo ya bi shi. Na tuna warin albasa, da kaina a cinyar Inna, da yadda kowane rami a hanya yake shiga har cikin raina. Na tuna Salamatu ta leƙa ta taga a wuraren da ake tsayar da motoci tana magana da Hausa da Dandanci da Faransanci a haɗe, kuma duk inda ta yi haka sai a ɗaga mana hannu mu wuce. Da muka hau gada na ga hasken ruwa, daga nan ban ƙara sanin komai ba sai a kan gadon asibitin Bagudo ana neman jijiya a hannuna.

Likitan saurayi ne, siriri, mai magana a hankali. Ya shafa mini wani abu mai sanyi a ciki, ya ɗora na'urar hoto, ya ɗan duba kaɗan, ya kira Inna kusa. Maganarsa ta zauna mini har yau, don ina jinsa ko da yake idona a rufe yake.

"Mama, ciki yana da hanyar da yake bi kafin ya isa ɗakinsa. Hanyar siririya ce, bututu ne. Wannan cikin bai ƙarasa ɗaki ba, a cikin bututun ya tsaya ya fara girma. Yanzu bututun ya fashe, jini yana zuba a ciki. Sai mun yi aiki yanzu."

Inna ta ce, "To ɗana, ku tura shi mana shi ƙarasa ɗakin."

"Da ana iyawa da na yi, Mama. Ba a iyawa, a nan ko a ko'ina. Cikin nan ba zai rayu ba. Ita muke nema."

Ya tambaya ina mijina. Aka ce yana kan ruwa. Ya ce ba za a iya jiransa ba, wa zai sa hannu? Ni na san Inna da tsoron wuƙar asibiti, ko haƙori ba ta yarda a cire mata ba. Sai Inna ta share ido da gefen mayafi, ta miƙa babban yatsa.

"Ɗiyata ta. Kawo in dangwala."

Saura jini. Asibitin na da leda ɗaya da ta dace da ni, likita ya ce ba za ta isa ba. Inna ta miƙa hannu, aka ce shekarunta sun wuce. Aka gwada Salamatu, nata bai zo daidai ba. Suna tsaye suna tunanin wa za a kira, sai ga hayaniya a bakin ƙofa. Ashe bayan tafiyarmu kasuwar ba ta zauna ba. Wata mota ta biyo mu cike da mutane, babura na bin ta. 'Yan dako ne, da masu kwale-kwale, da mata biyu masu sayar da kifi, da mai shayi, har da wani Bafulatani, Jaɓɓi, wanda ya kawo bijimi sayarwa ya bar shi a hannun ƙanensa. Duk masu cin shinkafata ne. Mai gadi ya tare su ya ce 'yan uwan marar lafiya kawai ake bari. Suka ce ai duka 'yan uwanta ne. Ya dube su, baƙi da fari, mai rawani da mai malafa, ya matsa gefe.

An ce layin da suka yi a ƙofar ɗakin gwajin jini ya kai har gindin bishiyar da ke tsakar asibitin. Ana cikin haka Malam ya iso. Wandonsa jiƙe har gwiwa, takalmi ƙafa ɗaya, don bai jira kwale-kwalen ya gama tsayawa ba ya yi tsalle. Ya ratsa layin yana cewa a ɗebi nasa duka. Aka zaunar da shi, ya naɗe hannun riga. Mutumin da ke ratsa kogi lokacin da ruwa ya cika ya batse, yana ganin allura ta nufo shi sai ya sulale daga kan kujera. Sai da aka yi masa fifita. Da ya farfaɗo aka gwada, nasa ma bai dace ba. Har yau in yana cika baki a tasha sai wani ya ce a kawo allura.

Na Jaɓɓi ne ya dace, da na 'yan dako biyu. Jaɓɓi bai taɓa shiga asibiti ba sai ranar. Ya kwanta ya rufe fuska da malafarsa har aka gama. Da ya tashi aka ba shi lemo ya sha, ya dubi Inna ya ce, "Inna, in ta tashi tana neman nono da hura, kada ku yi mamaki."

Na farka da yamma, makogwarona a bushe, jini na ɗiga daga leda zuwa hannuna. Abin da na fara tambaya shi ne wa ya sauke tukunyar miya. Inna ta yi dariya tana hawaye. Sai da na kai hannu na taɓa bandejin da ke marata sannan komai ya dawo mini. Na juya fuska bango. Inna ba ta ce in yi haƙuri ba, ta dai riƙe ƙafata tana matsawa a hankali har na samu natsuwa.

Zaman asibiti yana da nasa wahala. Ruwa sai an ɗebo a jarka, in wuta ta ɗauke zafi ya hana kowa sakat, magani kuma rabinsa sai an fita waje an sayo. Amma ban taɓa dariya irin ta wannan makon ba, ga ɗinki, kowace dariya sai na riƙe ciki da matashi. Nas ɗin ɗakinmu wata doguwa ce mai faɗa, ta ce ba ci ba sha sai hanjina ya motsa na fitar da iska. Inna ta riga ta damo kunu a fulas, aka hana ta ba ni. Sai ta zauna a bakin gado tana gadi. Jim kaɗan ta matso kunnena.

"Kin yi?"

"A'a, Inna."

Can kuma, "Har yanzu?"

Da abin ya zo washegari, ni ina neman inda zan sa kaina don kunya, Inna ta miƙe tsaye ta ce alhamdulillahi da ƙarfi, ta tafi kiran nas. Duk matan ɗakin suka yi ta yi mini barka kamar na haihu.

Nas ɗin nan ita ta tilasta mini tashi in taka, ina kuka ina cewa ɗinkin zai ɓalle. Ta ce ba zai ɓalle ba, kwanciyar ce za ta cuce ni. Na ji haushinta ranar. Ranar da za mu tafi kuwa har rungume ta na yi.

Kafin a sallame mu likita ya zaunar da ni da Malam. Ya ce sunan abin a bakinsu ektofik, wato cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Ya ce sun cire bututun dama, na hagu yana nan, kuma da alama lafiyarsa ƙalau. Mahaifata ba a taɓa ta ba.

Na yi ƙarfin hali na tambaya, "Likita, zan ƙara haihuwa?"

"Mata da yawa suna haihuwa da bututu ɗaya. Alkawari na Allah ne, amma ban ga abin da zai hana ki ba."

Ya tambaye ni ko na taɓa fama da ciwon sanyi, irin mai ƙaiƙayi da fitar ruwa da ciwon mara. Na ce shekara da shekaru yana zuwa yana tafiya, kamar yawancin matan da na sani, in ya taso in sha jiƙo ko in sayi ƙwaya biyu-uku a kemis. Ya ce ba zai rantse cewa shi ne sanadi ba, don wasu matan abin na samunsu ba tare da wani dalili da aka gani ba. Amma irin wannan ciwon in ya daɗe ba a kashe shi ba yana hawa sama ya bar tabo a cikin bututu, hanya ta ƙuntata. Ya ce za a gwada mu a ba mu magani, mu biyu, mu sha har ya ƙare.

Malam ya gyara zama. "Ni lahiyata lau, likita."

"Na yarda. Maza da yawa ba sa jin komai. Amma in ita ta sha kai ba ka sha ba, za ka mayar mata."

Malam ya dubi silin, ya dubi ƙasa, ya ce to. Kuma ya sha, ban taɓa tuna masa ba. A gaban Inna yake cewa maganin ciwon baya ne, ita kuma ta ce Allah ya sawwaƙe, tana murmushi.

Likitan ya ce mu dakata da neman ciki na wasu watanni har jikina ya murmure, ya tura mu inda ake bayanin tazarar haihuwa. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, wadda abin ya taɓa samu yana iya sake samunta, saboda haka duk ranar da na ga layi biyu, kada in jira ciki ya fito, in zo a yi hoto a ga inda ya zauna. Ya ce da na zo tun ina jin ciwon nan kamar tsinke a mara, kafin bututun ya fashe, wataƙila da allura za a narkar da shi ba tare da an yanka ni ba.

A gida aka buɗe sabon babi. Inna ta sa an sayo itace, ta ɗora ƙatuwar tukunya za ta yi mini wankan jego da ganye. Na ce nas ta hana ruwan zafi a kan ɗinki. Ta ce tun kakanninmu ake yi. Muka yi ta ja, a ƙarshe Malam ya buga wa nas ɗin waya ya sa a kunnen Inna. Ban ji abin da aka faɗa mata ba, na dai ji Inna na cewa, "To. To, ranki shi daɗe. To." Ruwan da ya riga ya tafasa Hajo aka sirka wa, ta yi wanka tana ihu ita ba ta haihu ba.

Abin da aka hana Inna yi da ruwa sai ta rama da abinci. Hanta, zogale, farfesun kifi, kunun gyaɗa, kullum kwano a gabana. Jaɓɓi ya aiko da ƙwaryar nono, na shanye, aka kai masa labari ya ce ai ya faɗa. Kuɗin aiki da magani sun ci ragunan Inna biyu da ɗan abin da nake tarawa, sauran matan kasuwa suka haɗa suka kawo a ƙulle a gefen zane. Salamatu kuwa ta riƙe mini rumfa duk ranar kasuwa. Barkonon da take zubawa ya sa 'yan dako suna ci suna share hawaye, suna aiko mini da gaisuwa cewa don Allah in warke da wuri.

Masu zuwa dubiya ba duka ne suka zo da alheri a baki ba. Magana ta zaga unguwa cewa an cire mini mahaifa gaba ɗaya. Wata ta zauna a ɗakina tana tausaya mini, tana cewa ai ko Hajo kaɗai ma arziki ce. Inna na tankaɗe a tsakar gida, ta ɗago murya ba tare da ta daina ba.

"Ke kika riƙe musu fitila sanda anka yi aikin?"

Matar ba ta daɗe ba ta yi sallama.

Ba kullum ake dariya ba. Wata rana da la'asar ina gyara akwati na ci karo da zanen goyon da na saya a ɓoye a makon farko. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban samu yi a asibiti ba. Malam ya shigo ya same ni. Bai iya lallashi ba, bai taɓa iyawa ba. Ya zauna kusa da ni a kan tabarma, can ya ce, "Ranar nan, da na hango gari daga kan ruwa, abu ɗaya na roƙa. In iske ki da rai. Ban roƙi komi bayan shi ba." Ya karɓi zanen ya ninke, ya mayar ƙasan akwatin da kansa.

Na koma kasuwa bayan wata biyu da wani abu. Shekara ta zagayo, wata ta kama, sai ga layi biyu kuma. Wannan karon ban tsaya murna ba. Ranar ma ranar kasuwa ce, na riga na wanke shinkafa. Na bar wa Salamatu ita, muka hau mota ni da Malam. Wata likita muka samu, mace. Ta duba ta ce ya yi ƙanƙanta, ba ta ga komai ba tukuna, mu dawo bayan mako guda, amma in na ji ciwo ko na ga jini in zo ko da wane lokaci ne. Wannan makon ya fi mini zaman asibiti tsawo. Ko cikina ya yi ƙugi sai in tsaya cak in saurara.

Da muka koma na kwanta na rufe ido. Na ji ta tana zagaya na'urar, sannan ta ce, "Buɗe idonki, Hajiya." Ta juyo mini da allon. Wani ɗan baƙin zobe ne, a cikinsa wani ɗigo na motsi fat-fat-fat.

"Ga shi nan a cikin mahaifa, inda ya kamata. Wannan da kike gani zuciyarsa ce."

Malam ya matso har hancinsa na neman taɓa allon. Ya ce a ƙara nuna masa. Aka nuna. Ya ce a ƙara. Likitar ta ce akwai mutane a layi.

'Yar uwata, ga abin da nake so ki ɗauka daga wurina. In al'adarki ta wuce kika ji ciwo a gefe ɗaya na mara, ko kika ga ɗigon jini, ki je inda ake hoton ciki a ranar, ko da kasuwa ce, ko da biki ne. In jiri ya zo, ko ciwon kafaɗa, ko kika ga tafin hannunki ya yi fari, to wannan ba na jira ba ne ko na minti ɗaya, kuma allurar kashe ciwo rufe shi kawai take yi. Ciwon sanyi kuma kada ki saba da shi kamar maƙwabci, ki je a gwada, ki ja maigidan ku sha magani tare. Ku kuma maza da surukai, in ta ce tana jin ciwo ku nemo mota, a yi rubutun a hanya.

Da damina na haihu, a asibiti, da kaina, ba a ƙara yanka ni ba. Namiji ne, mai ƙaton kai da yawan kuka. Da aka goge shi aka naɗe, nas ta miƙa wa Inna. Ta karɓe shi ta buɗe fuskarsa, ta daɗe tana dubawa, shi kuma ya yi shiru ya buɗe ido ɗaya.

"Sai yanzu ka ga damar zuwa, angona?" in ji ta. "Ka bar ni ina jira har haƙorana sun zube. To ka ji da kyau, ba ni dahwa ma tuwo. Uwarka ce mai shinkahwa."

Ya ƙwala kuka. Ta miƙo mini shi ta ce in ba shi ya sha, ita za ta je ta ɗora ruwan zafi, kuma wannan karon ba nas ɗin da za ta hana ta.